Rakiyar da Ta Kai Mu Kan Tudu

Mu mutanen Madarumfa ba mu da dutse. Gara in faɗa tun da wuri, kafin wani ɗan Agadas ya ji ya yi mini dariya. Tabki gare mu, da kukoki, da gonaki shimfiɗe har inda ido ya gaji. Abin da muke kira tudu, can arewa ko akuya ba za ta ɗaga kai ta dube shi ba. Amma ni na hau duwatsun Ayar na gaske, shekarun da aka tura ni koyarwa can, kuma wallahi babu wanda ya ba ni wuya, ya kuma ba ni daɗi, kamar ɗan tudun marmara da ke bayan wani ƙauye ta wajen Safo.

A arewa na koyo wannan hali. Ranar Asabar ko Lahadi, in babu lakwal, wato makaranta, ni da abokan aiki sai mu cika bido da ruwa, mu zuba dabino da ganyen shayi a jaka, mu kama hawa. Ba abin da muka ajiye a sama. Mu hau, mu yi haki, mu dafa shayi, mu kalli duniya, mu sauko. Da aka maido ni gida sai na taho da ciwon, kowane ƙarshen mako ƙafafuna su dinga ƙaiƙayi.

To nan garinmu mutum ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili: gona, kasuwa, ko gaisuwar rasuwa. A ce mai albashi, mai moto, wato babur, a zaure, a gan shi da sassafe cikin takalmin roba yana ratsa gonakin mutane? Ba na yin nisa sai ɗan kabu-kabu ya tsaya. "Mushe, moto ta lalace?" Haka ake kiran malamin makaranta a wurinmu, mushe. In ce lafiyarta lau. "To ina zuwa?" In ce yawo. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Wata gwaggonmu har rubutu ta aiko mini a kwalba, wai in sha kafin abin ya yi nisa.

Mutum guda ne ya yarda ya bi ni, abokina malamin likita, ma'aikacin asibitin garinmu, wanda kowa ke ce wa majo. Shi ma ba don hawa ba. Majo gajere ne mai tumbi, kuma ya gano cewa ƙosai ya fi daɗi a daji. Jakarsa kullum ta fi tawa nauyi: ƙosai, yaji, ɗan kilishi, butar shayi, gawayi. Duk inuwar da muka wuce sai ya yaba mata kamar mai neman aure.

Wanda ya fi kowa yi mini tsiya kuwa yayana ne, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya direban babbar mota ne tun ina ɗan lakwal. Hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Issa ya san ta kamar tsakar gidansa. Mutum ne mai ƙaton wuya da ƙatuwar murya, yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba: ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Tsohuwa da damin itace, makiyayi da sanda, mace da goyo, sai ya taka birki ya leƙo da kai: "Hau, bawan Allah!" A ganinsa tafiyar ƙasa masifa ce da Allah ya aiko shi ya raba mutane da ita. Sai ga ƙanensa yana yi da gangan.

In ya iske ni a hanya, sai ya rage gudu ya jera da ni yana danna oda.

"Mushe, hau in kai ka! Kana kunyata ni cikin gari."

"Yaya, jini nike motsawa."

"Jinin naka barci yake yi? Kai dai boko ta lalata ka."

Ashe nasa jinin ne zai yi mana aika-aika. Wata safiya yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, baki ya karkace. Hawan jini ne, tansiyo, ya shanye masa ɓarin jiki. Muka kwashe shi sai Maraɗi. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi: baki ya miƙe, hannu ya dawo, murya ma ta dawo har da ƙari. Ƙafar hagu ce ta ƙi. Jan ta yake yi, yana dogara sanda. Kuma duk wanda ya san mota ya san abin da ƙafar hagu take ga direba, da ita ake taka ambiriyaj, wato kuloci, kafin a sauya giya. In babu ita, babu tuƙi.

Motar ta zauna ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, kaji suna yin ƙwai a ƙarƙashinta. Makullin kuwa matar Yaya ta ɗauke, ta jefa shi cikin wani kwanon jere, ta rufe, don ta san mijinta. Manyan ƴaƴansa suka ce a sayar da motar tun ba ta ruɓe ba. Har wani ɗan kasuwa ya zo daga Ɗan Issa, yana zagaya ta, yana shurin tayoyi da takalminsa mai tsini. Aka yi zaman dangi, aka tsayar da magana: a jira kaka, lokacin dakon hatsi. In Yaya bai koma tuƙi ba zuwa lokacin, a sallama ta. Yaya na zaune kan tabarma, kai a sunkuye, ana yanke hukunci a kansa. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin tasha! Na ji tausayinsa har cikin ƙashina.

Ni na raka shi asibiti ganin lokotoro, babban mai duba marasa lafiya. Yaya bai ko gama gaisuwa ba ya ce yaushe zai hau mota. Lokotoron ya ce magani kaɗai ba zai maido ƙafar ba, sai tafiya, kullum, ko yana so ko ba ya so. Ni da bakina mai ƙaiƙayi sai na tsoma labarin yawona da tudun da nake hawa. Lokotoron ya juyo ya nuna ni da alƙalami.

"Madalla. Ka riƙa tafiya da shi. Ranar da ya hau tudun nan naka da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, ku dawo in duba shi, mu yi maganar mota."

A hanyar gida Yaya ya harare ni, ya ce: "Dariya kake ko?" Na ce wane ni. Amma ƙarya nake, cikina har ciwo yake don danne ta.

Da bakin tabki muka fara, lokacin bazara, da zarar an sallame sallar asuba. Kai, na sha zagi! Ya zagi takalmin roban da na saya masa, ya zagi yashi, ya zagi ƙaya, ya zagi lokotoro da wanda ya koya masa aiki. Majo na gefe yana cin ƙosai yana ba shi haƙuri da cikakken baki. Amma safiyar tabki ba ta barin mutum da fushi. Masunta na turo kwalekwale, belbelu sun yi fari fat kan itatuwa, masu lambu na ban ruwa, ƙamshin albasa da danyar ƙasa na tashi. Wata rana na waiwayo na ga Yaya ya tsaya, baki buɗe, yana kallon wani tsuntsu ya tsunduma ya fito da kifi. Da ya ga na gan shi sai ya tsuke fuska, ya ce hutawa yake.

Sannu a hankali tafiyar ta yi tsawo. Shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Muna bin hanyoyin gona muna gaida masu noma, su miƙe daga kan hauya su yi ta mamaki. Gero ya kai ƙauri, ya kai gwiwa. Yaya ya daina zagin takalmi, ya koma gardama da majo kan wace kuka ce ta fi tsufa. Mukan zauna gindin gawo mu dafa shayi, nasa babu sukari, yana sha yana yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. A nan na ji labaran da ban taɓa ji ba, na ƙuruciyarmu, da na mahaifinmu, da yadda ya fara koyon mota a ɓoye. Shekara da shekaru muna gari ɗaya, sai a gindin gawo na san yayana.

Har dai wata Lahadi muka kai ƙauyen da ke gindin tudu. Nan fa wata sabuwa ta ɓullo.

Mutanen ƙauyen nan babu wanda Yaya bai taɓa ɗauka ba. Su, da awakinsu, da buhunansu, da amarensu. Muna shiga aka fara shela: direba ya zo, kuma a ƙasa! Mai gari ya fito da kansa, dattijo dogo siriri mai farin gemu, ya girmi Yaya nesa ba kusa ba. Ya ga sanda, ya ga ƙafa, ya yi salati. Kafin mu ce wani abu an shimfiɗa tabarma a zaure, an kawo ruwa, an kawo hura cikin ƙwarya mai faɗi, damammiya da nono mai kauri. Majo ya ga hura, ya manta da duk abin da ya karanta game da tansiyo. Muka sha, aka yi hira, rana ta ɗaga. Da muka miƙe za mu nufi tudu, sai ga amalanken jaki a ƙofar zaure, an shimfiɗa masa bargo har da matashi.

Na ce: "Ranka ya daɗe, ai tudu za mu hau."

Mai gari ya dube ni kamar na yi saɓo. "Tudu? Mi ya aje can?"

Na yi bayani dalla-dalla: lokotoro, ƙafa, mota, kaka. Ya saurara yana gyaɗa kai har na gama. Sannan ya ce: "Mushe, lokotoro ya yi maganar likita, mun ji. Amma nan garina ne. Mutumin ga, ran da uwar ɗiyana ke naƙuda, shi ya sauke kayan mutane bakin hanya ya kai ta likita. Ina raye ba ya taka ƙasata da ƙafa mai ciwo. Mi za a ce da ni?"

Ina za ka kai wannan magana? Yaya ya hau amalanke, aka kawo mu har ƙofar gida, yana zaune kan matashi kamar ango, ni da majo muna lilo da ƙafafu a baya. Mako na gaba haka. Na gaba ma haka, sai dai an ƙara da ƙwan zabi. Majo ya yi ƙiba. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, ina hango tudun ta saman danga, ga shi nan kusa, alheri ya tare mana hanya. Kuma na lura Yaya ba ya musu sosai in an kawo amalanken. Tsoron tudun yake ji, ko da yake ba zai faɗa ba ko za a yanka shi.

Sai na yi dabara irin ta mushe. Na ce mu zagaye ƙauyen ta cikin gonaki, gero ya yi tsawo, ba mai ganinmu. Muka bi ta bayan gari muna sanɗa kamar ɓarayin kaji, raɓa ta jiƙe mu sharkaf. Muka kai gindin tudu, muka fara hawa. Hanyar awaki ce, duk tsakuwa ja mai gangarowa ƙarƙashin ƙafa. Akwai wata tsamiya da ta tsiro a gefen tudun, ko rabi ba ta kai ba. Yaya ya ja jiki har gindinta, gumi na zuba, ƙafar na rawa. Ya zauna daɓas. Na ce ya huta mu ci gaba. Ya jefar da sandar.

"Ku sai da motar," in ji shi, a hankali. "Ku kira mutumin Ɗan Issa. Na gama."

Ban taɓa jin muryar Yaya ta yi ƙanƙanta haka ba. Majo ya rufe jakarsa. Muna nan zaune sai muka ji ƙarar ƙafar jaki. Wata mai tsinkar ganye ta gan mu ta kai labari. Ga mai gari tafe a ƙasa, ga amalanke a bayansa, fuskar nan babu annuri.

"Mi muka yi muku?" ya ce. "Hurarmu ta yi tsami? Ko wani ya gaya muku magana? Ku zagaye mu kamar garin annoba?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na yi ta ba da haƙuri. Aka ɗora Yaya, muka koma gida. Matar Yaya ta tare ni a zaure, ta ce: "Kai da ka ce za ka gyara mini miji, ka maido mini shi kamar jiƙaƙƙen tsumma?" Wasa take yi irin na matar wa da ƙanen miji, amma idonta ya cika da ƙwalla.

Gero ya nuna, aka fara girbi. Ɗan kasuwan Ɗan Issa ya sake zuwa, wannan karon da makanike, suka buɗe gaban motar suna leƙe-leƙe. Ya ce zai dawo bayan kasuwa mai zuwa. Yaya ya ƙi fita yawo. Da ƙyar na shawo kansa wata Lahadi, ba da sunan tudu ba. Na ce mun ɓata wa dattijo rai, ya kamata mu je mu gaishe shi ta ƙofar gaba kamar mutane. Wannan ya yarda, don Yaya ba ya wasa da girman manya.

Muka je, aka sha hura, aka wanke zukata. Da muka tashi tafiya sai mai gari ya shiga kame-kame. Ashe babu jaki ko ɗaya a garin, duk suna gona wajen kwasar dammuna. Ya aika a nemo, ya ce mu ƙara zama. Yaya ya ce a'a, rana na yi, za mu lallaɓa. Dattijo ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauki hularsa ya ce: "To bari in taka muku."

Kowa ya san yadda rakiya take a wurinmu. Mai gida ya bi baƙo, a ɗan taɓa tafiya, sai baƙo ya tsaya ya ce ya isa haka, koma. Mai gida ya ce a ƙara kaɗan, baƙo ya rantse, a yi musabaha a rabu. Amma sai baƙo ya faɗa. Mai gida ba ya juyawa don kansa, in ya yi haka kamar ya ce ya gaji da kai ne.

Muka fito, muka wuce masallaci, muka iso rijiya inda hanya ta rabu biyu: dama ta yi Madarumfa, hagu ta yi tudu. A nan ake sallamar mai rakiya. Mai gari har ya fara gyara hannu don musabaha. Yaya ya tsaya, ya dubi tudun, ya dubi dattijon. Bai sallame shi ba. Sai ya karkata hagu.

Na dubi majo, majo ya dube ni. Mai gari ya yi ɗan tari, ya bi. Dattawan da ke zaune gindin bango suka ga mai gari na rakiya bai dawo ba, ba dama su zauna, suka kaɗe riguna suka biyo. Mata suka bar guga suna kallo. Haka muka jeru kan hanyar awaki kamar masu zuwa ɗaurin aure, Yaya a gaba yana jan ƙafa, mai gari a kafaɗarsa.

Tun daga gindin tudu dattijo ya fara neman a sake shi, amma cikin ladabi.

"Direba, rana ta fara zafi."

"Ta fara, ranka shi daɗe."

Aka ƙara gaba. "Yau kuwa ina da shari'ar wata gona."

"Allah shi ba da sa'a, ranka shi daɗe."

Wani dattijo a baya ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin rakiya mai hawa sama ba. Majo ya toshe baki da hannun riga.

Muka iso tsamiya. Na ga ƙafar ta fara rawar nan tata. Yaya ya rage tafiya, ya dubi inuwar, ya dubi gurbin da ya zauna wancan karon. Na matsa kusa da kunnensa na ce: "Yaya, ka sallami tsohon nan, ka ji tausayinsa."

Ya amsa ta cikin haƙora, bai dube ni ba: "Rufe mini baki. In na sallame shi zamnawa zan yi. Kunyatai ce ke riƙe da ni. Ina zan zamna, wanda ya girme ni na tsaye saboda ni?"

Sai a lokacin na gane. Ya san ƙafarsa ba za ta kai shi ba, ya san zuciyarsa ta riga ta karye a gindin tsamiyar nan, shi ne ya jawo girman manya, abin da bai taɓa iya takawa ba. Muka wuce tsamiya.

Daga nan hawan ya yi tsanani. Ba abin da ake ji sai haki da ƙarar tsakuwa. Dattawan baya suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce takalminsa ya tsinke, wancan ya tsaya duba wani ganyen magani da bai taɓa damunsa ba. Mai gari kuwa, tsohon nan akwai taurin kai! Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, gemu na ɗigar gumi, ya ƙi ko da dafa gwiwa. Shi ba zai juya ba a sallame shi ba, Yaya ba zai zauna yana tsaye ba. Ni da na hau Ayar ina bayansu ina addu'a kada ɗayansu ya faɗi a ce ni na kashe shi.

Dab da ƙarshe akwai wani ɗan hawa mai tsayi, marmara tsagwaronta. Nan ƙafar mai gari ta zame, ya yi tangaɗi, Allah ya sa bai kai ƙasa ba. Yaya ya waiwayo. Ko tunani bai yi ba, ya miƙa masa sandarsa da hannu biyu.

"Riƙe, ranka shi daɗe."

Dattijo ya karɓa don ba shi da zaɓi. Na matso zan tallabe Yaya, majo ya damƙe mini riga ta baya, ya girgiza kai. Yaya ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora. Ya tsaya. Sannan ya ɗago ta hagu, ba ja ba, ɗagawa, ya dasa ta kan dutsen, ya ɗora mata duk nauyinsa. Ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya. Ya sake. Ya sake. Sai ga iska ta buge mu a fuska, babu sauran abin hawa.

Yaya ya juyo yana haki kamar sa, ya kama hannun mai gari, ya ce da cikakkiyar muryarsa ta da: "To ranka shi daɗe, rakiya ta isa haka. Ka koma, mun gode."

Dattijo ya buɗe baki, ya dubi gangaren da muka hawo, ya dubi Yaya. "Yanzu? Amma kai dai an yi ɗan banza!" Sai dariya ta kece masa, ya zube ƙasa yana riƙe da ciki. Da ya zauna, sannan Yaya ya zauna.

Majo ya hura gawayi. Daga can sama komai ya fito: tabki na ƙyalli, kukoki, gonaki an kwantar da karan wasu, wasu na tsaye, jakuna ƙanana kamar tururuwa ɗauke da dammuna. Mai gari ya ce rabonsa da nan tun yana kiwon awakin babansa. Ya yi ta nuna mana rufin gidansa, da gonar da ake rigima a kanta, yana cewa daga nan ai ko tabarma ba ta kai ba.

Yaya bai saurare shi ba. Ya hango hanyar Ɗan Issa, siririya, wata babbar mota na tafe a kai da lodi. Ya bi ta da ido. Sai na ga ya miƙa ƙafar hagu kan wani dutse da ke gabansa, ya taka, ya saki a hankali, hannunsa na dama yana motsi a iska. Ya taka, ya saki. Hawaye na bin kumatunsa, bai ko share ba. Na juya baya na ce hayaƙin majo ya shiga mini ido, kuma ba wanda ya ƙaryata ni.

Da ƙafa muka sauko. A gindin tudu muka tarar an samo jaki, ga amalanke da bargo da matashi. Yaya ya ce lokotoro bai yi maganar komawa gida ba, ya haye, ya jawo mai gari kusa da shi.

Lokotoro ya duba shi, ya sa ya taka nan ya tura can, ya ji shaidar majo. Ya ce ya yarda, amma gajerar tafiya, da rana, kuma magani kullum. Aka aika wa mutumin Ɗan Issa kada ya wahalar da takalminsa. Matar Yaya ta buɗe kwanon jere ta ɗauko makullin, yana ƙamshin turaren wuta, ta ajiye masa a tafin hannu. Washegari aka kori kaji. Hatsin ƙauyen gindin tudu ne lodinsa na farko.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma Lahadin da ta biyo na fita ni kaɗai, majo na aiki, kuma zuciyata ba daɗi. Na saba da zagin nan a gefena. Na ce shi ke nan, direba ya samu motarsa, mushe ya koma haukansa. Ina tafe bakin hanya sai na ji ƙugin injin da na sani tun ina saurayi, ga oda. Motar ta rage gudu ta jera da ni. Ban ko ɗaga kai ba, na ce: "Yaya, ba ni hawa."

"Wa ya ce ka hau?"

Ya gangara gefe ƙarƙashin wani gawo, ya kashe injin. Ƙofa ta buɗe, ƙafar hagu ta fara saukowa, cikin takalmin roban nan da ya zaga. Ya kulle motar, ya jefa makullin a aljihu, ya gyara hula.

"Mu tahi, Mushe," ya ce. "Ka zo da shayi?"